Haƙuri daban, sakaci daban: tunanin wani matashi Kirista a kan masifun da ke samunmu

 Ina roƙon ka ɗan ba ni wuri in faɗi albarkacin bakina a kan wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni matashi ne, Kirista, haifaffen jahar Maraɗi. Na san yawancin masu karanta wannan jarida Musulmi ne, tun da ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa mu Kiristoci ba mu kai ko kashi 1 cikin 100 na ƴan Nijar ba. Don haka wa'azi bai kawo ni ba, jayayyar addini ma ba ta kawo ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne abin da ke samunmu gaba ɗaya, wato gobara da ambaliya da rushewar gini da haɗarin hanya, da kuma irin maganganun da muke yi bayan an rufe gawawwaki an tashi daga zaman makoki.

A ganina, akwai kurakurai biyu da muke yawan faɗawa cikinsu duk lokacin da masifa ta auku, kuma Kirista da Musulmi duk muna yi. Na farko shi ne mu yi saurin cewa abin da ya sami wane hukuncin zunubinsa ne. Na biyu shi ne mu ɗauki kalmomi masu daraja irin su haƙuri da ƙaddara mu lulluɓe sakacinmu da su. Dukan biyun suna kama da tsoron Allah a baki, amma idan aka duba da kyau, hanyoyi ne na sauke nauyi daga kanmu.

Bari in tuna mana da kwanaki biyu da mutanen Maraɗi ba za su manta da su ba. Ranar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021, ramukan haƙar zinariya suka rufta a Garin Liman, cikin ƙaramar hukumar Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya, aƙalla mutum 18 suka rasu. Washegari Litinin, tun ba a gama jimamin wannan ba, wuta ta kama azuzuwan zana a wata makaranta cikin birnin Maraɗi, ta ci rayukan yara ƙanana 26, waɗanda ba su daɗe da fara riƙe allo da alli ba. Aka yi makokin kwana uku a jahar. Kuma wannan bai zama farau ba, domin ranar 13 ga Afrilu na wannan shekarar, irin wannan gobara ta halaka yara kimanin 20 a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai. Wata bakwai kawai ke tsakanin gobarar Yamai da ta Maraɗi.

A cikin kwanakin nan na ji maganganu iri-iri a tasha da kasuwa da wuraren shan shayi, har da bakin ƙofar majami'a. Wasu na cewa masu haƙar zinariya kwaɗayi ne ya kai su. Wasu na cewa zunubi ne ya yi yawa a gari shi ya sa Allah ya yi fushi. To, idan an yarda da wannan magana, sai mu yi tambaya: wane zunubi yaro ɗan shekara biyar ya aikata? Kuma don me fushin bai sauka a gidajen masu sace dukiyar jama'a ba, sai a rumfar ƴaƴan talakawa?

Abin da ya ba ni mamaki shi ne wannan adadi na mutum 18. A cikin Linjila ta hannun Luka, sura ta 13, an ba da labarin wata hasumiya a Siluwam, cikin Urushalima, wadda ta faɗi ta kashe mutum 18. Mutanen wancan zamani ma irin tunaninmu gare su, suna ganin duk wanda gini ya faɗa wa, to akwai abin da ya shuka. Yesu Almasihu ya ƙi wannan fahimta ƙiri-ƙiri. Ya nuna musu cewa waɗanda suka mutu ba su fi sauran mazauna birnin laifi ba, sa'an nan ya juyo da maganar kan masu sauraro, ya ce kowa ya duba kansa ya tuba. Haka kuma a Linjila ta hannun Yohanna, sura ta 9, da almajiransa suka ga wani da aka haifa makaho suka so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa, ya kawar da zancen laifi gaba ɗaya, ya warkar da mutumin. Su suna neman wanda za a ɗora wa laifi, shi kuwa yana ganin mutum mai bukatar taimako.

Labarin Ayuba ma, wanda Musulmi da Kirista duk muke girmamawa a matsayin abin misali wajen haƙuri, yana koyar da haka. Yadda labarin ya zo a Littafi Mai Tsarki, abokansa uku sun zo yi masa jaje, suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki sai suka ɓata rawarsu da tsalle, suka dage cewa lalle akwai wani ɓoyayyen zunubi da ya jawo masa wannan wahala. A ƙarshen labarin, su ne Allah ya tsauta wa. Ya kamata duk mai saurin fassara masifar wani ya ji tsoron wannan.

Ku tuna da tankar mai da ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai a daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019. Mutane suka taru da jarkoki da bokitai suna kwasar mai, wuta ta tashi, aƙalla mutum 55 suka mutu nan take, wasu kuma suka cika daga baya a asibiti. Abu ne mai sauƙi wanda ya ci ya ƙoshi ya ce ai ɓarayi ne, sun ga sakamako. Kwasar abin da ba naka ba laifi ne, ba na musun wannan. Amma mutumin da ya san mai na iya kama wuta, ya kuma ruga da jarka cikin dare don ya sami abin jika biyu ko uku, akwai abin da ya kore shi daga gida. Wanda ya tsaya ga cewa hukunci ne, ba zai taɓa tambayar yadda aka yi talauci ya kai mu nan ba, ko kuma me ya sa ba a koya wa jama'a tun daga makaranta su guji motar mai idan ta faɗi.

Damina ta 2024 ta ƙara koya mana darasi. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a Maraɗi, mutum 15 suka rasu a birnin. Ƴan kwanaki bayan haka, a farkon Satumba, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A ƙasa baki ɗaya, alƙaluman hukuma sun nuna mutum fiye da 300 sun rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya kuma abin ya shafe su, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba domin azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka zube. Da na ga hoton masallacin nan a ƙasa, raina ya ɓaci ƙwarai, domin tarihin ƙasarmu ne gaba ɗaya. Da wani Kirista zai ce wannan alama ce ta fushin Allah a kan Musulmi, da na ce masa ya tuba, domin ruwan bai tambayi addinin kowa ba kafin ya jiƙa katanga. Yesu da kansa ya koyar da cewa rana da ruwan sama suna sauka a kan mai kirki da mugu baki ɗaya.

Ba zan iya yin wannan magana ba tare da na taɓo abin da ya fi yi mana ciwo mu Kiristocin Nijar ba. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari Asabar a Yamai, zanga-zangar nuna fushi a kan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙone. Mutum 10 suka mutu, ƴan sanda suka ce an ƙone majami'u 45 a Yamai kaɗai, a Damagaram kuma Kiristoci da yawa sai da suka fake a barikin soja. Wannan zane ya ɓata wa Musulmi rai, kuma suna da dalili. Sai dai Kiristan Nijar bai zana ba, bai buga ba, bai saya ba, kuma ita wannan jarida ta sha yi wa addininmu ma izgili. Waɗanda aka ƙone wa ɗakin sujada da gida da shago ƴan ƙasa ne, masu cin tuwon hatsi da miyar kuka kamar kowa.

Ina ƙaramin yaro a lokacin, amma abubuwa biyu sun zauna mini a rai daga abin da manyanmu suka yi ta faɗa. Na farko, akwai Musulmi da suka buɗe ƙofofin gidajensu suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci, wasu kuma suka tsaya a bakin titi suka hana a shiga. Shugaban ƙasa na wancan lokaci, Mahamadu Isufu, ya fito ya ce masu wannan aiki ba su fahimci Musulunci ba, malamai da yawa ma sun yi tir da abin. Na biyu, shugabannin ikilisiya, na Katolika da na sauran ɗariƙu, sun yi kira ga gafara, kuma ba a ji an ɗauki fansa ba. Aka share toka aka ci gaba da sujada, wasu ƙarƙashin rumfa. Amma ku lura, ba wanda ya kira abin da ya faru ƙaddara kawai ya yi shiru. An gafarta, an kuma kira laifi da sunansa, an sake gini, aka kuma ƙara zama tsakanin malamai da fastoci don kada a maimaita. Wannan shi ne haƙurin da nake nufi, haƙuri mai buɗaɗɗen ido.

Wannan ya kawo ni ga kuskure na biyu, wanda a ganina ya fi na farko yi mana ɓarna. Idan yaro ya mutu a gobarar aji, mukan ce kwana ne ya ƙare. Ni ma na gaskata cewa rai da mutuwa a hannun Allah suke, ba kuma abin da ke faruwa a ɓoye gare shi. Amma Allah bai kafa azuzuwan zana manne da juna ba. Allah bai bar aji mai yara da yawa da ƙofa ɗaya ƴar ƙarama ba. Allah bai sayar da fili a kan hanyar ruwa ba, bai kuma cika magudanan ruwa da leda da shara ba. Hannuwanmu ne suka yi waɗannan. Idan muka ce Allah ne ya kawo, muka tsaya nan, to mun ɗora wa Mahaliccinmu laifin da yake namu, kuma mun shirya wa wasu yaran irin wannan mutuwa.

A cikin Attaurar Musa, littafin Maimaitawar Shari'a sura ta 22, akwai wata doka da ta ba ni sha'awa. An umarci duk wanda ya gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa ƴar katanga kewaye, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau kan mai gidan. Mutanen da aka ba wannan doka sun gaskata cewa Allah ne mai iko da rai, duk da haka ba a yarda mai gida ya fake da wannan ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da sanannen koyarwa cewa mutum ya fara ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. Kuma dukanmu mun san labarin Yusufu a Masar. Da ya san shekaru bakwai na yunwa suna tafe, bai ce wa sarki a zauna a jira abin da Allah zai yi ba, rumbuna ya sa aka cika a shekarun ƙoshi. Kakanninmu sun taƙaita duk wannan da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Ashe ba addinin da ya koya mana naɗe hannu. Mu ne muka ga naɗe hannu ya fi sauƙi, muka sa masa rigar addini.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce ƙasarmu matalauciya ce, yara suna ƙaruwa kowace shekara fiye da yadda ake iya gina azuzuwa, kuma gara yaro ya yi karatu a rumfa da ya zauna gida. Wannan gaskiya ce, ba na raina ta. A wajejen 2021 hukumomi da kansu sun ce azuzuwan zana sun kai kimanin 36,000 a ƙasar nan, kuma ba gwamnatin da za ta maye gurbinsu da siminti cikin shekara ɗaya. Bayan gobarar Maraɗi, majalisar ministoci ta hana sa yaran ajin share fage a cikin irin waɗannan rumfuna, wannan kuwa mataki ne mai kyau. Amma tambayata ita ce, me ya hana a ɗauki wannan mataki bayan gobarar Yamai, wata bakwai kafin nan? Kuma talauci bai hana a bar tazara tsakanin rumfa da rumfa ba. Talauci bai hana a buɗe ƙofa ta biyu ba. Bai hana a ajiye bokitan yashi da tulun ruwa ba, bai hana a kori mai tuya da mai ƙona shara daga jikin zana ba, bai hana malami ya koya wa yara yadda za su fita a guje ba tare da tattake juna ba. Waɗannan duka ba su cin ko jika goma. Abin da suke ci shi ne kula.

Wasu kuma za su ce yawan tambaya bayan mutuwa rashin tawakkali ne, yana kuma tayar wa iyayen mamaci da ciwo. A nan sai mu rarrabe. Uwar da ta rasa ɗanta, ba a zuwa mata da bincike ranar makoki. Abin da take bukata shi ne a zauna da ita, a yi mata addu'a, a kawo mata ruwa da abinci, a riƙe mata sauran yara. Haƙuri nata ne, kuma Allah ne mai ba da shi. Amma shugaban makaranta da magajin gari da ɗan kwangila da mai unguwa da kwamitin iyayen yara, su ba haƙuri ne aikinsu ba a ranar nan. Aikinsu shi ne su amsa tambaya, su kuma gyara. Abin takaici a ƙasar nan shi ne sau da yawa mai laifi ne ke fara zuwa gaisuwa, ya ce a yi haƙuri, ya ajiye buhun shinkafa, shi ke nan magana ta mutu.

Kada a ce ina jifan na sama kawai. Mu talakawa ma muna da namu kason. Wanene ke zuba shara a magudanar ruwa da dare? Wanene ke sayen fili a cikin kwari don yana da araha, alhali tsofaffin unguwa sun gaya masa nan hanyar ruwa ce? Wanene ke ɗora mata da yara uku a kan kabu-kabu ɗaya ba hular kwano? Wanene ke ajiye jarkokin mai a ɗakin da ake girki? Wanene ke ganin katangar ƙasa ta tsage tun rani ya ce sai bayan damina, ya kuma shimfiɗa wa yara tabarma a gindinta? Yawancin waɗanda ke mutuwa a damina a garuruwanmu, ko gini ne ya faɗa musu ko ruwa ne ya ci su. Yaɓen katanga da gyaran indararo kafin saukar ruwan fari aiki ne na kwana biyu, kakanninmu kuwa ba su taɓa wasa da shi ba.

Ina kuma da magana ta musamman ga ƴan'uwana Kiristoci, musamman mu matasa. Mun iya waƙa, mun iya kwanan addu'a, mun iya tara baiko don sayen sabuwar amsa-kuwwa da kayan kiɗa. Wannan ba laifi ba ne. Amma yaushe zumuntar matasa ta taɓa ɗaukar shebur da baro ranar Asabar ta yashe magudanar ruwan unguwa? Yaushe muka je makarantar gwamnati da ke kusa da majami'armu muka tambayi malamai ko akwai abin da za mu iya gyarawa? Yaushe muka je asibiti muka ba da jini ba tare da wani namu yana kwance ba? Wasiƙar Yaƙub ta yi mana kashedi a kan mutumin da zai ga ɗan'uwansa cikin yunwa da tsiraici ya sallame shi da fatan alheri kawai, ta kuma nuna cewa irin wannan bangaskiya ba ta da rai. Ƙarancinmu ba hujja ba ce. Gishiri ma kaɗan ake sawa a miya.

Muna da abin koyi a ƙasar nan, ba sai mun je nesa ba. Asibitin Galmi da ke jahar Tawa, wanda ƴan mishan na SIM suka buɗe a 1950, ya yi shekaru fiye da 70 yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da Najeriya, galibinsu Musulmi. A Danja, kusa da Maraɗi, tun shekarun 1950 ake kula da masu cutar kuturta, a zamanin da mutane da yawa ke ɗaukar wannan cuta tamkar la'ana, suna gudun mai ita. Waɗanda suka fara wannan aiki ba su tsaya tambayar zunubin wa ya jawo ba, magani suka nema, yau kuwa kowa ya san kuturta tana warkewa.

Ga kuma misalin sassabin zamani. Bayan fari da yunwar 1984, mutane da yawa sun ɗauka hamada ta riga ta ci gonakinmu, ba abin da za a iya yi. Wani ɗan mishan ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara wajen sharar gona, tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bar su, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama itace. Manoman Maraɗi da Damagaram, waɗanda kusan dukansu Musulmi ne, su ne suka ɗauki wannan dabara suka yaɗa ta daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a kan eka mai faɗin hekta miliyan 5. Waɗannan manoma ba su daina roƙon ruwa ba. Sun yi addu'a, sun kuma riƙe adda da hankali. Da sun ce fari ƙaddara ce suka zauna, da yau wasu garuruwan sun zama kufai.

Duk da haka, ya kai mai karatu, ba zan yaudare ka in ce kula da shiri za su kawar da kowace masifa ba. Akwai mutuwar da ba laifin kowa a ciki. Akwai jaririn da aka yi wa duk abin da ya kamata amma ya tafi. Akwai tsawar da ke faɗa wa manomi a gona. Akwai cutar da likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa ta fi ƙarfinsa. A irin wannan wuri ne haƙuri na gaskiya yake da mazauni, kuma a nan ne bangaskiyata take riƙe ni. Abin da ke ƙarfafa ni shi ne, Linjila ta nuna Yesu ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa Li'azaru. Bai tsawata wa masu kuka ba, tare da su ya zubar da hawaye. A Zabura ma akwai addu'o'i da yawa na mutanen da suka kai kukansu da tambayoyinsu gaban Allah ba tare da ɓoye ɓacin ransu ba, kuma ba a kira su marasa bangaskiya ba. Saboda haka idan ka ga uwa tana kuka, kada ka ce mata ta yi shiru wai kuka saɓo ne. Mu Kiristoci muna sa zuciya ga tashin matattu, Musulmi ma sun gaskata da ranar tashi. Wannan bege bai hana hawaye ba, yana dai hana hawaye su zama fid da zuciya.

Akwai wani abu mai kyau a al'adarmu da nake roƙon kada mu bari ya ɓace. A unguwarmu, idan aka yi rasuwa a gidan Kirista, maƙwabta Musulmi ne ke fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, matansu kuma su shigo da kwanukan abinci. Idan a gidan Musulmi ne, babana yakan je ya zauna tare da su har a watse, mu kuma samari a aike mu ɗebo ruwa da kujeru. Da salla ana kawo mana nama, da Kirsimeti mu ma mu kai musu shinkafa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda muke kira Inna, duk lokacin da ta gan ni za ni sujada takan ce: "Ɗana, ka sa mu a addu'a." Ni kuma in ce: "To Inna, ke ma ki sa mu." Wannan zumunci ya fi duk wata yarjejeniya da za a sa wa hannu a babban otel. Abin da nake fata shi ne mu ɗauki wannan haɗin kai da muke nunawa bayan mutuwa, mu kawo shi kafin mutuwa. Idan za mu iya taruwa mu haƙa kabari tare, za mu iya taruwa mu haƙa hanyar ruwa tare.

Don haka ina kira ga limamai da fastoci, tun da ba wanda jama'a ke saurara kamar ku. Kafin damina ta kama, ku keɓe huɗuba ɗaya da wa'azi ɗaya ku yi magana a kan yaɓen gida da shara da gini a hanyar ruwa. Kafin a koma makaranta, ku tura mutane su duba azuzuwan unguwa. Ku gaya wa mabiyanku cewa kare ran yaro ibada ce. Ina kira ga hukumomi, duk lokacin da aka yi babbar asarar rayuka, a yi bincike a kuma karanta wa jama'a sakamakonsa a rediyo da harsunanmu, domin makokin kwana uku ba ya hana gobara ta huɗu. Ina kira ga ƴan'uwana matasa, Musulmi da Kirista, kada mu jira wata ƙungiya daga waje ta zo ta ba mu kuɗin zama kafin mu share ƙofar gidanmu.

Yaran nan 26 na Maraɗi da 20 na Yamai, da suna raye, da yanzu sun iya karatu da rubutu, wataƙila wani cikinsu ma yana karanta wa kakarsa wasiƙa. Ba za mu iya dawo da su ba. Abin da ya rage mana shi ne ƙannensu da ke zaune yau cikin aji, da kuma amsar da za mu bayar ranar da Mahaliccinmu zai tambaye mu amanar da ya ba mu.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sanyaya zuciyar iyayensu, ya ba mu haƙuri a inda haƙuri ya dace, ya kuma ba mu himma a inda aiki ya wajaba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.